Ranar da Na Mayar wa Sudan da Kudancinta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗora min alƙalancin gasar kacici-kacici ta makarantun sakandare a Daura ba. Wani tsohon abokin karatuna, wanda yanzu shugaban makaranta ne, shi ya gayyace ni. Hujjarsa ita ce ina da digiri a fannin labarin ƙasa. Ina da shi kam. Sai dai tun da na karɓo shi, kafin ma a haifi yaran da za su fafata, na shige ofishin ƙaramar hukuma a Mai'adua, ban sake taɓa littafin fannin ba (in ban da ranar da na ɗauko ɗaya na tokare ƙofa).

Na sha babbar riga, aka zaunar da ni a tsakiya, makirfo a gabana. Komai ya tafi daidai har zagayen ƙarshe, inda makarantu biyu suka yi kunnen doki. Tambayar raba gardama ta faɗa kan wata yarinya mai suna Rukayya, daga wata makaranta ta wajen Babban Mutum.

Na karanta mata: "Wace ƙasa ce ta fi kowace faɗi a Afirka?"

"Aljeriya," in ji ta, ko numfashi ba ta ja ba.

Takardar amsoshin da ke hannuna ma Aljeriya ta ce. Sai na yi murmushi irin na manya.

"'Yata, kin yi ƙoƙari, amma Sudan ce. Su ma waɗanda suka rubuta amsar nan kuskure suka yi."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ina! Sai da na yi wa zauren lacca kan kogin Nilu da hamada, na kuma tuna musu cewa abin nan a jami'a na karanto shi. Ɗaya makarantar ta ɓarke da tafi, aka miƙa musu kofi. Rukayya ta sunkuyar da kai tana goge ido da gefen hijabi.

Sai malamarta ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Sudan ɗin kafin a raba ta, ko bayan an raba?"

Abin haushin, na san an raba ta. Na ji a rediyo, har sharhi na yi ta yi a majalisarmu ta hira a lokacin. Labarin ne dai bai taɓa haɗuwa da taswirar da ke kaina ba. Wayoyi suka fara fitowa daga aljihu. Abokina ya matso ya raɗa min, "Alhaji, gyara kawai, kada a tashi da rigima."

Na gyara, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Aka sha fama kafin a karɓo kofin, domin malaman can sun kafe cewa alƙali ya riga ya yanke hukunci. Da Rukayya ta karɓa, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, na gode." Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ba a sake gayyatata ba. A majalisa kuwa har yau Jakadan Sudan suke kirana.

Na dai gane cewa digiri shaida ce ta abin da mutum ya sani ranar da aka ba shi, duniya kuwa ba ta zauna jiransa ba. Yanzu in yarana suka kawo min aikin gida, tambaya ɗaya nake yi: "Me malaminku ya ce?" In sun faɗa, sai in gyaɗa kai in ce, "To, haka ne."