Yaƙin Kai Ruwa Tudun Maƙera

Bayan godiya ga Mai saukar da ruwa ba da bututu ba, wannan tarihin Dakta Ghali ne, ɗan Sha'aibu, jikan Ilu mai haƙar rijiya, Sarkin Yaƙin Sashen Bincike na hukumar ruwan garinmu, gwarzon majigi, dodon taron ƙara wa juna sani, wanda ya shayar da al'ummai a kan allo har masana suka miƙe suna tafi. Ni mai ba da labarin ina cikin rundunarsa, kuma na fi kowa tafin.

Shekara da shekaru famfon mahaifiyarsa, Inna Tabawa ta Tudun Maƙera, bai ɗiga ba. Dakta ya durƙusa gabanta, ya yi alkawarin ranar Juma'a da ruwan famfo za ta yi alwala.

"Auta, in sallami 'yan garuwa?"

"Sallame su, Inna. Lissafi ya gama magana."

Ta sallame su, maƙwabta ma suka bi sahunta.

Ranar Juma'a da hantsi muka yi ɗamara, muka fita da kwat da kwamfutoci, muka yi wa babban bawul ƙawanya, wato makunnin bututun da ke ratsa unguwannin kwari kafin ya hau tudu. Muka tarar tsatsa ta yi masa sulke. Dakta ya kama sifana, muka kama ƙugun Dakta, ya yi kirari: "Sai ni na Tabawa, mai kai ruwa tudu!" Aka gwabza ƙazamin artabu, wando ya yage, tabarau ya yi shahada a kwata, daga ƙarshe ƙarfe ya miƙa wuya. Muka ji ruwa na ruri a ƙarƙashin ƙafafunmu. Wallahi har ƙwalla na yi.

Sai dai lissafinmu ya ɗauka kowane famfo a rufe yake yana jiran mai buɗewa, kamar yadda yake a littattafai. Alhali a garin nan ba a rufe famfo. A buɗe ake barinsa, don a ji tarinsa ranar da ruwa ya zo. Mu kanmu haka muka baro namu a gida, amma ba mu sa wannan a bincike ba, tunda ba mu ga wani masani ya rubuta ba. Unguwannin kwari suka shanye ruwan tas, tsakar gidaje suka koma fadama, agwagi suka sha biki.

Muka hau tudu a jere don karɓar mubaya'a. Muka iske Inna zaune gaban famfo da buta, mata sun kewaye ta, randuna duk wayam. Famfon ya yi huci, ya fesa iska, ya yi shiru. Ladan ya kira salla. Kunya ta rufe mu, kowa ya shiga duba kwamfutarsa.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dubi autanta da yagaggen wando, ta ajiye butar.

"Sannu da aiki, Dakta," in ji ta. "Matsa min daga jikin bangon nan, in yi taimama."