Yadda Na Ari Kukan Motar Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma wallahi na gwada), da ranar da motata ta tona mini asiri a gaban matan unguwarmu kaf. Shekarata arba'in da uku a lokacin, gemuna har ya fara furfura, amma abin da ya kai ni ga wannan abin kunya kishin ƙanena ne, autanmu Nasiru.

Mahaifiyarmu, Inna, tana zaune a Wurno, a gidan da aka haife mu. Idanunta sun yi yana, ba ta gani sosai, amma kunnenta garau yake. Ni ina Achida, ina da shagon injinan ban-ruwa da taki, kuma sau uku a mako nake zuwa gaishe ta: Litinin, Laraba da Juma'a. Ni ne mai kai magani, ni ne mai kai gero, ni ne mai neman magini in damina ta ci katanga. Nasiru kuwa yana aiki a birnin Sakkwato. Sai ya yi wata guda bai leƙo ba, in ya zo ma da ledar lemo ɗaya da surutu buhu guda.

Lungun gidanmu mota ba ta shiga. Sai dai ka zagaya ta baya, ka ajiye ta a wani fili da ke jikin katangar ɗakin Inna, ka shiga ta ƙaramar ƙofa. Bayan gidaje shida ne suka kewaye filin. Babu mai ganinka, sai dai matan da ke cikin gidajen su ji ka, in akwai abin ji.

To ni babu abin ji. Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar Jamus, mai turbo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi), kuma lafiyayya. Ko tana tafiya sai ka ɗauka a kashe take. Bayan shekara guda Nasiru ya sayi irinta sak, launi kawai ya bambanta (tun yana yaro haka yake, abin da na riƙa shi zai riƙa). Sai dai shi ya kai tasa an yi mata wani aiki. Tun daga bakin gari za ka ji ta tana ruri, in ya ɗaga ƙafa daga totur kuma ta yi wata 'yar shewa. Duk ranar da ya zo, gidaje shida sun san ya zo. Ni kuwa sai in zo sau goma sha biyu a wata, ko kajin unguwar ba su sani ba.

Matata Hadiza ce ke kawo mini rahoto duk lokacin da ta je biki ko barka. "An ce Allah shi yi wa Nasiru albarka, yaron ga bai yada uwatai ba."

"Ni fa?"

"Kai ba a ce komi ba."

Kada ka ce me ya hana Inna ta gyara musu zance. Ni ne ɗan fari. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna cikin mata tana yabona. In na shiga sai ta ce "ka zaka?" in ce "na zaka," ta miƙo mini kwalbar magani in karanta mata. In Nasiru ne kuwa, tun kafin ya kashe mota ta tashi, tana laluben bango, tana "Auta! Auta na!" Na sha ganin haka da idona, ina zaune kamar buhun da aka jingine. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Amma ina jin haushi, kuma haushin ba ƙarami ba.

Wata rana na tare Nasiru, na ɗaure fuska irin ta babban wa, na ce masa wannan ƙarar rashin tarbiyya ce, wai ma mi ya yi wa motar? Shi kuwa baki har kunne ya buɗe bonet ya nuna mini. Akwai wani bututu da ke fitowa daga bakin turbo ya gangara ƙasa ya haɗu da salansa. Kanikawa na ce masa dawun-fayif. Na kamfani yana da wani kumburi a tsakiya mai tace hayaƙi, shi ke danne ƙara. Nasiru ya cire shi ya sa wani mai faɗi, fayau, babu komai a ciki. Na girgiza kai na ce Allah ya shirye shi. Ina komawa Achida na rufe shago na shiga waya ina neman irinsa.

Bayan mako biyu bututun ya iso daga Legas a motar kaya, yana ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Ban kai motar Sakkwato ba, don kanikawan can duk sun san Nasiru. Sai na yi Goronyo da ita, wurin wani bakanike mai suna Isiya, wanda nake tura wa injinan ban-ruwa in sun ƙi. Isiya ya shiga rami, ya haska tsohon bututun, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya leƙo.

"Alhaji, mi ya sami wanga? Lahiya lau yake."

"Motar ce ba ta numfashi yadda ya kamata," na ce. (Ban san inda na samo wannan magana ba.)

"To, Allah shi ba ta lahiya," in ji Isiya.

Aikin da na zaci na awa ɗaya ne ya cinye yini. Notikan da ke riƙe bututun a jikin turbo sun yi tsatsa sun kama kamar an yi musu walda. Isiya ya zuba musu mai, ya jira, ya gasa su da wuta, ya ja. Uku suka fito, na huɗu ya karye a ciki, sai da aka huda shi. Ya kwance wata 'yar sensa daga tsohon ya ɗaura a sabon, ya sa sabon gaskit, sannan aka ga sabon bututun ya gaza kai wa salansa da kamar faɗin yatsa biyu, sai da ya yi masa ƙari. Ni ina zaune a kan tsohuwar taya, rana na dukana, masu zuwa da injinansu daga fadama suna gaishe ni suna tambayar ko hatsari na yi. Bayan la'asar ya ce in tayar.

Jama'a, ta yi ruri. Wata akuya da ke kwance ƙarƙashin benci ta tashi ta bar wurin. Wata 'yar wutar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, Isiya ya ce in rabu da ita, haka za ta zauna. Wani warin hayaƙi ya cika wurin. Ni dai ban ga wuta ba, ban ji wari ba. Tun daga Goronyo har Achida gilashi a sauke na taho, ina murmushi ni kaɗai.

Litinin na isa filin bayan gida, na ƙara taka totur sau biyu kafin in kashe, don kowane gida ya samu rabonsa. Ina buɗe ƙaramar ƙofa sai ga Inna a tsaye, ta yafa mayafi, hannunta a bango.

"Auta?"

"Ni na, Inna."

"Ka zaka?" Ta juya ta lallaba ta koma tabarmarta.

Laraba haka, Juma'a haka. Kullum sai in ishe ta a tsaye, kullum sai ta koma. Mai hankali da tun nan ya gane. Ni sai na ce a raina ai sabo ne, za ta saba, kuma dai yanzu unguwa ta san ana zuwa.

Unguwa kuwa ta sani. Bayan mako uku Hadiza ta dawo daga wata barka tana danne dariya (ita kaɗai ta san abin da na aikata, kuma tun ranar farko ta ce ba ruwanta).

"An ce Nasiru yanzu sau ukku ga mako shika zuwa. Tun daga Sakkwato! Wata har kuka ta yi."

Na sayi bututu, na sha rana a Goronyo, motata na wari, duk don a ƙara wa Nasiru albarka. Kuma babu halin in fito in ce ni ne, don tambayar da za ta biyo baya na san ta.

Ana haka matar wani ɗan baffanmu ta haihu, aka sa suna a gidanmu. 'Yan'uwa suka zo daga Rabah da Goronyo. Da safe na ajiye motata can gaban masallaci inda maza suka taru, nesa da kunnen mata. Bayan an raɗa suna an ci abinci, ni da Nasiru muka shiga ciki gaisuwa. Tsakar gida cike da mata, Inna na gefe a kan tabarma. A tsakiya kuwa Gwaggo Kulu ce, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Rabah, wadda in ta fara magana ko mai wa'azi sai ya saurara mata.

Ta kama hannun Nasiru ta yi ta sa masa albarka, har ta gaji. Sannan ta juyo kaina.

"Kai kuma, ba ka jin kunya? Kai ab babba. Kana nan Achida, nan da nan, amma ƙanenka na ka tasowa tun daga birni sau ukku ga mako. Matan ga dut sun shaida. Kai wa ya taɓa jin zuwanka?"

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane. Na dubi Nasiru, ina jiran ya ce a'a, Gwaggo, ba haka ba ne. Ɗan banzan nan bai san ma zancen me ake ba, amma sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ai wajibi na, Gwaggo." Wallahi da ba cikin mutane ba ne da na shaƙe shi.

"To ko yau ka yi abin kirki," in ji Gwaggo. "Tahi ka zagayo da motakka nan baya, ka kai mu Rabah ni da tsohin ga. Nasiru shi huta, ya wahala."

Na ce mai ya yi ƙasa. Ta ce a saya a hanya. Na ce ko su taka zuwa masallaci. Ta ce da waɗanne ƙafafun? Haka na fita ina jan jiki kamar wanda za a yi wa allura.

Na yi iya ƙoƙarina. Na tayar da ita a hankali, ban taɓa totur ba, na bar ta tana gangarawa da kanta. Amma akwai ɗan tudu a bakin filin, dole sai an taka. Ina takawa ta saki rurin nan gaba ɗaya, katangun gidaje shida suka amsa. Da na ɗaga ƙafa kuma ta yi shewar.

Hadiza ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Wai mata suka ce "ga Nasiru nan!" sannan suka tuna Nasiru na zaune a gabansu da ƙashin rago a hannu. Duk suka zuba masa ido. Shi ma ya dubi makullin motarsa da ke kan cinyarsa.

Ni dai abin da na gani da na shigo shi ne idanun tsakar gida duk sun dawo kaina. Gwaggo Kulu ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Motar wa ta yi kukan ga?"

"Tawa ta."

"Tun yaushe?"

"Mako ukku."

Sai 'yarta Balki, taubashiyata, wadda dama ba ta raga mini, ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe Yaya na ka kwaikwayon Auta!" Shi ke nan gida ya ɗauka. Tsofaffi na dariya har da hawaye. Wata na cewa in ƙara takawa su ji. Nasiru ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki, yana cewa, "Ba kai kac ce rashin tarbiyya na ba?" Da gemuna da babbar rigata na tsaya, na rasa inda zan sa fuskata. Kuma sai da na kai su Rabah. Duk ramin da na kauce wa na taka totur, sai tsofaffin nan su sake fashewa a bayana.

Laraba na koma Wurno, don kunya ba ta hana kai magani. Na ishe Inna a tsaye kamar kullum. Wannan karon ba ta ce Auta ba. Ta zauna, ta daɗe tana murza gwiwa, sannan ta yi mini magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini.

"Da can in ka zaka, ban jin mota. Takalminka nika ji bakin ƙohwa, in san na gida na, in yi zamana. Nasiru baƙo na, baƙo aka tashi mawa. Yanzu ka sa ni tashi sau ukku ga mako, gwiwun ga ba su iyawa. Ka maishe ta yadda take."

Na ce to. Sai na ɗauki kwalbar magani na yi ta karanta abin da na riga na haddace.

Washegari na buga wa Isiya waya a mayar da tsohon bututu. Ya ce ai tun ranar 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauke shi, ya zaci na gama da shi. Har yau ban sami irinsa ba. Saboda haka yanzu a bakin kasuwa nake ajiye mota, in saɓa buhun gero a kafaɗa in taka da ƙafa har gida, ina haki, Balki kuma in ta gan ni a wurin biki sai ta yi mini "vuuum."

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi kishin wanda ake tashi tsaye a tarba, ka fara tambaya ko don me kai ba a tashi maka. Ni sai da na sa tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tashi sau goma kafin na gane.