Jif ɗin Mudi a Rafin Kanya

Duk garin Tungar Maje babu wanda bai san bakin Mudi ba. Idan ya ga ɓera a gona, kafin ya iso majalisa ya zama kura. Ni kaina na sha cewa da baki na jan mota, da Mudi bai taɓa sayen fetur ba.

To, wannan Mudin ne ya jawo wata tsohuwar jif daga bayan gidan kawunsa. Kaji sun shekara suna ƙwai a cikinta. Ya ce zai tayar da ita ta zama motar daji, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja.

Gaskiya ya yi aiki. Aka tayar da inji, aka ɗaga bodi har sai mutum ya yi tsalle kafin ya shiga. Ya sa mata tayoyi ɓula-ɓula, ya jera fitilu a ka, ya sa aka yi mata waldar tsani a baya, aka shafe ta da koren fenti.

Sai dai Mudi akwai maƙo. Da ya ji direbobi na cewa farfelan gaba, wato dogon ƙarfen nan na ƙarƙashi mai kai ƙarfi ga tayoyin gaba, yana shan mai, sai ya sa aka kwance shi. A ganinsa wa ke leƙa ƙarƙashin mota? Ya jefa wa Jatau mai amalanken shanu a gaban mutane.

"Ungo, ka ɗaure tsummar amalankenka. Kafin damina ta fita ma na raba ka da sana'a!"

Jatau ya sunkuya. Ya ɗauka ya kai wajen mai walda.

Ana nan sai aka gayyaci Maigari Haladu ɗaurin aure a Kanya, ƙauyen da ke tsallaken rafi. Da damina babu mai kai mutum can sai shanun Jatau. Mudi ya zube gaban Maigari.

"Ranka ya daɗe, kai da hawa amalanke kamar buhun gero? Ni zan kai ka. Motar nan ko bishiyar kuka na nuna mata sai ta hau."

Maigari ya yi murmushi. "To Mudi, in ka kai ni da rigata fes, na naɗa ka Sarkin Mota."

Habawa! Tun a daren ranar Mudi ya hana matarsa kiran sunansa, wai ta fara sabawa da "Sarki".

Ranar tafiya Maigari ya sha farar babbar riga, aka tallafa masa ya hau gaba. Mudi ya danna ham, fam-fam! Gari ya fito kallo. A hanya suka wuce Jatau yana tafe da shanunsa, Mudi ya leƙo ta taga.

"A gaida na baya! In kun iso gobe ku neme mu!"

Suka iso rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma ƙasan laka ce zalla. Mudi ya gyara zaman hula, ya ja ƙaramin giya, ya taka totur. Vuuum! Suka shiga. Daidai tsakiya, sai cak.

Ya ƙara wuta. Tayoyin baya suka yi ta wulwulawa suna haƙa rami, na gaba kuwa ko motsi, sun tsaya kamar 'yan kallo. Maigari ya leƙa ya ga abin da ake ciki, sai facal! Laka ta wanke masa rawani da rabin fuska.

"Mudi, ba ka ce ƙafa huɗu ke ja ba? Na gaban nan azumi suke yi?"

Gumi ya karyo wa Mudi. Ya diro cikin ruwa, ya leƙa ƙasan mota kamar bai san komai ba, sai ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo! Ranka ya daɗe, an yi mini sata! An kwance farfelan gaba! Maƙiya ne, ba sa so a naɗa ni!"

Ran Maigari ya ɓaci. "A garina? Duk wanda na kama da ƙarfen nan sai ya yaba wa aya zaƙi... a'a, sai ya bar garin nan!"

Ana haka sai ga ƙarar amalanke, ƙiiƙi-ƙiiƙi. Shanun Jatau suka shigo ruwa a natse, suka tsaya daidai tagar Maigari.

"Allah ya ja zamaninka, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Wani ɓarawo ya sace wa Mudi farfela."

"Farfela? Wani dogon ƙarfe mai gaɓa a kai?" Jatau ya ƙwanƙwasa sandar da ta haɗa amalanke da shanu, ƙwal-ƙwal. "Ko wannan? Ai shi ya jefo mini a majalisa, ya ce mai kawai yake sha. Wallahi tun da na sa shi, ko cokali ɗaya bai sha mini ba."

Mudi ya yi ta ƙifta wa Jatau ido har kamar idon zai faɗo. A banza.

Maigari ya dubi ƙarfen, ya dubi Mudi. Ya tattare rigarsa, ya miƙa wa Jatau hannu, ya taka ya koma kan amalanke.

Mudi ya biyo shi cikin laka, ruwa ya riga ya tafi da takalminsa ɗaya. "Ranka ya daɗe, kada ka sauka daga motata a idon jama'a! Maganar sarautar fa?"

Maigari ya share laka daga gemunsa.

"Wa ya ce na sauka daga motarka? Ai ɓangaren da ke tafiya na koma. Kai zauna ka yi gadin sauran."