Dokar Wankan Toka

A Dajin Ƙirya bareyi ke mulki, a cikin bareyin kuma maza ke magana. Akwai tsohuwar doka da ta ce kowace mace, kafin ta je wurin namiji, sai ta shiga Tafkin Toka ta wanke gabanta har ciki, wai don tsafta. Wadda kuma ta yi damina uku ba ta ɗauki ciki ba, a ƙetare da ita kogi, inda aka hana kowane namiji taka ƙafa.

Tabawa tana ƙarshen damina ta uku. Ba ita kaɗai ba ce, amma kowace tana ɓoye nata. Haihuwa ta yi ƙaranci har Sarki ya lura, shi da ba ya lura da komai sai ƙahonsa. Ya kira majalisa a gindin tsamiya, aka tsayar da Tabawa a tsakiya don a yi misali da ita.

Waziri ya miƙe. "Allah ya ja zamanin Sarki. Matan yanzu ƙazamai ne. Tsoma ƙafa suke yi su fito. A tsananta wanka, 'ya'ya za su dawo."

Aka yi ta gyaɗa ƙaho.

Sai Hawainiya, tsohuwar ungozomar dajin, ta sauko daga reshe. Ta daɗe kafin ta iso, majalisa na hamma.

"Ranka ya daɗe, a hanyar mahaifa akwai wasu ƙananan halittu. Idonku ba ya ganinsu, nawa ma da ƙyar. Gari ne guda. Akwai masu gadi, su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, baƙi su kasa zama. Ruwan toka su yake fara kashewa. Daga nan miyagun baƙi su shigo, su hau sama, hanya ta kumbura ta toshe." Ta juya ido ɗaya ta kalli Sarki. "Wasu miyagun kuma maza ke kwasarsu daga wannan mace zuwa waccan, su ko ciwon kai ba sa ji."

Kowa ya san wanda ya fi kowa zagaya mata.

Waziri ya yi dariya. "Haba Iya! Ke da ba kya wuni da launi ɗaya, ke za ki koya mana tsafta? Abin da ba a gani ba a kawo shi gaban Sarki."

"Ranka ya daɗe," in ji Tabawa, "ƙaiƙayin nan da warin, tun da na fara wankan suka fara."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Sarki.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Wanka ya koma sau uku a rana. Aka tuɓe Hawainiya daga aikinta. Da ruwan sama ya ɗauke, aka raka Tabawa bakin kogi. Matan da suka yi wanka tare da ita suna nesa, kowace ta sunkuyar da kai tana kiwo.

A ƙetare ba tafki, ba toka. Ciyawa ce, da ruwa mai kyau, da wasu tsofaffin mata da suka manta yadda ake hira. Tabawa ta ci, ta sha, ta kwanta ita kaɗai. Bayan wata biyu ƙaiƙayin ya tafi. Warin ma.

Rani ya yi nisa kafin Hawainiya ta iso, a kan wani icce da ruwa ya kawo. Ta duba Tabawa a hankali, da ido biyu wannan karon.

"Masu gadin sun dawo, 'yar nan. Cikin hanyoyin mahaifa biyu, ɗaya ta riga ta toshe, amma ɗayar lafiya lau. Za ki iya ɗaukar ciki."

Tabawa ta dubi tsofaffin da ke kwance a inuwa. Ta dubi kogin.

"Da wa, Iya?"

Hawainiya ta juya ido ɗaya wajen kogin. Can a ɗaya gaɓar, an rako wasu mata biyu bakin ruwa.