Ranar da Gwaggo ta ƙwace ni daga hannun jandarma

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwar Bangi, zamanin da ganin hular jandarma kaɗai ke sa mutum ya sauya hanya. Damina ta rusa ɗakin Baba Sarjan, tsohon sojan garinmu, sai jandarmomin Madawa suka ce su da samari za su sake gina masa. Don a tara jama'a, a kuma rage tsoronsu, aka shirya wasan kwaikwayo. Ni na roƙi a ba ni ɓarawon akuya (Hadiza, yarinyar da nake so, za ta zo kallo, kuma ɓarawo ya fi kowa magana).

Wasa ya yi daɗi. Na ja akuya, mutane na ihu, wani dogon jandarma, Shef Idi, ya cafke ni ya sa mini ankwa ta gaske. Na shiga kuka kamar yadda aka koya mini.

Ashe ba wanda ya gaya wa Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni. Sai ga ta ta ratso taro da muciya a hannu.

"Sakam min ɗa! Mi yay yi?"

"Inna, wasa na," in ji Shef Idi.

"Wasa da ankwa? Wanga yaro za shi satar akuya? Zakara ma korar shi yakai! Har ya shiga makarantar lakwal ni ka shanya tabarmatai kullum safe!"

Kasuwa ta kece da dariya. Baba Sarjan, da lambobin yabo a ƙirji, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Hadiza ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki bari su tafi da ni!"

Shef Idi ya kwance ankwar, ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Washegari ita ta dama furar da magina suka sha, jandarmomi na kwaɓa ƙasa da wando naɗe. Tun daga nan mutanenmu suka fara tsayawa gaisawa da su.

Allah Ya jiƙan Gwaggo. Na dai koyi darasi: in za ka yi abin bajinta a gaban mutane, fara sallamar wanda ya san ka tun kana tsirara.