Ranar da Na Hau Keken Goggo

Ba zan taɓa mantawa da ranar jifa ta biyu ba, ko na so in manta ma mutanen unguwarmu ta Dutse Uku ba za su bar ni ba.

Shekarar da na sauke farali, dangi suka damƙa mini Goggo Ladi, yayar mahaifina, suka ce amana ce. Gwiwoyinta sun gaji, don haka aikina shi ne in tura ta a keken marasa lafiya daga tantinmu na Mina zuwa wurin jifan Shaiɗan, in dawo da ita lafiya. Na bugi ƙirji na ce ko a goye ne zan kai ta.

A hanya ba ƙasar da na ƙyale (Allah ya yafe mini, bakina bai san aikin Hajji ake ba). Turkawa sun cika ture mutane, Misirawa sun cika hayaniya. Da muka riski 'yan Indunusiya sun rirriƙe rigunan juna, na ce, "Goggo, dubi 'yan firit ɗin nan, rana na buga su za su zube." Su ma ba su raga mana ba, da sun hango yadin alhazan Najeriya sai su ƙanƙame jakunkunansu. Wani Balarabe mai raba ruwa ya tsallake ni, ya nuna fatata ya nuna rana yana dariya, wai irinmu zafi ba ya yi mana komai. Ni kuma, sakarai, na ji daɗi har da ɗaga masa hannu.

Na manta ni ɗan Jos ne, wanda ko a watan zafi da rigar sanyi yake buɗe shago.

"Ɗan nan, sha ruwa," in ji Goggo.

"Ke dai yi ta zikirinki, Goggo."

Maganar da na tuna ta ƙarshe ke nan. Da na buɗe ido, ni ne a kan keken. Wani tsoho ɗan Indunusiya, wanda tsayinsa bai kai kafaɗata ba, shi ke turawa, matarsa na fesa mini ruwa a fuska. Ga Goggo a gefe tana ɗingishi, ta dafa wata Baturkiya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Goggo ta leƙo fuskata ta ce, "Sannu mai goyo."

Da ƙafarta ta yi jifanta. Kafin mu koma tanti, wani maƙwabcinmu ya tura hotona a kan keken gida, kuma har yau Alhaji Keke ake kirana a unguwa. Na gaji da musu, amsawa nake.

Yanzu idan hira ta yi daɗi a shago, wani ya fara da "ai su mutanen ƙasa kaza," sai in tuna keken Goggo. Ruwa nake ɗauka in sha.