Ambasada Surajo da Masu Rage Masa Gudu

A duk kasuwar Wuse, in ana maganar mutanen da manyan ƙasar nan ke tsoro, da Surajo mai sayar da waya ake farawa. Shi da kansa ya faɗa, kuma ai ba wanda ya fi shi sanin kansa. Cikakken sunansa, kamar yadda yake rubuce a gilashin shago, Ambasada Surajo Mai Kishin Talaka. Har yau ba a gano ƙasar da ta turo shi ba. Gidansa yana Mpape, can saman dutse inda ɗan acaba ke sauke mutum ya ce ya ƙarasa da ƙafa, amma in ka tambaye shi zai ce maka yana zaune bayan Maitama kaɗan.

Kullum bayan magariba Ambasada kan ɗora babbar riga a kan singileti, ya jingina waya da kwalbar turare, ya yi wa al'umma jawabi kai tsaye. Kuma kullum, yana cikin zuba, sai bidiyon ya tsaya cak, baki a buɗe, yatsa a sama, ɗan da'irar nan tana ta juyawa a kan hancinsa. Ƙaramin mutum zai ce netwok ne. Ambasada ya wuce nan.

"Jama'a, kun gani da idonku," in ji shi da zarar hoto ya dawo. "Daga na taɓo tsadar data sai su rage mini gudu. Akwai mutum na musamman da kamfanin netwok ya ajiye, ba shi da wani aiki sai jiran in buɗe baki!"

Matarsa Zulai ta ce ai ita ma fim ɗinta yana tsayawa a daidai wannan lokaci. Ya dube ta da tausayi ya ce, "Matata ce ke, Zulai. Dole abin ya shafe ki." Da ta ce har gidan Lucia mai tuyar ƙosai haka ake fama, sai idonsa ya ciko. Ashe har maƙwabta ba a bari ba saboda shi.

Ana haka zaɓen shugaban ƙungiyar masu sayar da waya ya matso, kuma Allah ya sani Ambasada yana son kujerar nan fiye da yadda yake son barci. Bai taɓa gyara ko kwan fitila ɗaya a layinsu ba, bai taɓa raba faɗa ba. Jarinsa kaf shi ne tsayawar bidiyon nan. Abokin takararsa Muhyiddeen kuwa, bawan Allah, ba wanda ya taɓa rage masa komai. To wa zai zaɓi mutumin da ko kamfani bai damu da shi ba?

Sai dattawan layi suka ce magana ta yi yawa, a kawo hujja. Ambasada ya ce ko yanzu. Ya umarci kowa ya buɗe wayarsa gobe da hantsi. Washegari ya sha rigar Juma'a, ya kunna bidiyo kai tsaye, ya soka wayar a aljihun gaba idonta yana leƙe, ya shiga ofishin kamfanin yana taku ɗai-ɗai.

Manajan, wani mai suna Nicholas, ya ba shi kujera har da ruwan sanyi.

"Ba ruwa na zo sha ba," in ji Ambasada. "Kuna rage gudun bidiyo ko ba kwa ragewa?"

"Muna ragewa, Oga. Da yamma in mutane suka yi yawa a kan layi, muna rage wa bidiyo kaɗan don kowa ya samu."

Daɗi ya kusa kashe Ambasada. "Allahu akbar, ya amsa! To wa ya ba da umarni a kaina?"

"A kanka? A'a, Oga, na kowa da kowa ne. Daga Mpape har Maitama. Injin ne ke yi, bai san mutum ba." Nicholas ya ɗan karkata kai cikin ladabi. "Yi haƙuri, me sunanka?"

Ambasada ya zo da shirin karɓar zagi, barazana ma ya haddace amsarta, amma wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Zufa ta karyo masa duk da sanyin ofis, komai ya fice masa daga kai. Ya tashi ya tura ƙofa, ya cire hula, ya jawo kujera kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan'uwana Nicholas, don girman Allah, ku taimaka mini. Ku ɗan rage nawa fiye da na sauran mutane. Ba da yawa ba. Zuwa bayan zaɓe kawai."

"Oga, ba mu da irin wannan tsari."

"To ko da baki ne, ka ce ni kaɗai ake yi wa. Wallahi kujerata ce za ta tafi. Ba wanda zai ji, daga ni sai kai."

A can Wuse kuwa, masu waya sun bar ciniki sun yi cincirindo a gaban shagon Muhyiddeen. Hantsi ne, netwok ba cunkoso. Murya tar, hoto tar, bidiyon bai tsaya ba ko sau ɗaya.